Baba Tafinta da Littafin Ashar

Mahaifina bai taɓa zagin kowa ba. Na fara da wannan ne don kada wanda ya ji sauran labarin ya ɗauka wani tantiri ne ya haife ni. Mu shida ne a gidan, kowa ya yi ƙiriniyarsa daidai gwargwado, amma ko ranar da ƙanena ya zauna masa a kan tabarau, abin da ya fito daga bakinsa bai wuce "Kai, Allah ya shirye ka" ba. In ransa ya yi mummunan ɓaci sai ya ƙara da tsaki ɗaya, gajere, sannan ya yi istigfari a kan tsakin. To amma in dai zagin Turanci ne, da ashar ɗinsa da batsarsa, ban san wanda ya kai wannan bawan Allah sani ba. Kuma mu 'yan gidansa, mu muka sha wuyar wannan ilimi.

Tafinta ne a ƙaramar kotu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tsaye a gefen akwatin ba da shaida, ƙarƙashin wata fanka mai kuka kamar za ta faɗo, tsakanin alƙalan da ke shari'a da Turanci da mutanen da ke kawo ƙara da Hausa. Da masinja ya fara, yana kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, da ɗan Turancin da ya tsira da shi daga makaranta. Tsohon tafintan kotun kunnensa ya yi nauyi, har ta kai ana cewa rago yana fassara rogo. Ranar da aka kusa sallamar ɓarawon rago saboda an rasa gonar da ya shiga, magatakarda ya ce a gwada masinjan nan mai farar riga. Tun daga ranar sunansa ya ɓace. A kotu Tafinta, a unguwa Tafinta, har Umma in tana ba da labarinsa Tafinta take cewa.

A shekararsa ta biyu aka kawo shari'ar da ta jawo mana komai. Wata mata ce mai wanki da guga, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, ta kawo ƙarar maƙwabcinta, wani mai shagon kayan gini. Ruwan wankinta ne ya bi ta gaban shagonsa, shi kuwa ya fito tsakar rana ya zage ta tas a gaban 'ya'yanta da masu kawo mata kaya. Daga ranar rabin masu kawo wankin suka ɗauke ƙafa.

Alƙalin ba ya jin Hausa ko kaɗan. Ya ce a gaya mata ta maimaita abin da aka ce mata, kalma da kalma. Matar ta sunkuyar da kai, ta ja mayafinta, ta fara. Zagin ya taɓa ta, ya taɓa mahaifiyarta, ya bi mijinta har kabari, sannan ya faɗi hanyar da wai take bi tana ciyar da yaran, da sunayen abubuwan da ba a ambata. Kowa ya zuba wa Baba ido.

Gumi ya karyo masa. Daga ƙarshe ya ce da Turanci abin da ma'anarsa ba ta wuce "Ya ce ita ba macen kirki ba ce" ba.

Alƙali ya ɗago daga rubutunsa. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, ranka ya daɗe."

Alƙali ya ce wannan ai cacar baki ce irin ta maƙwabta, su je su sasanta, kada a sake ɓata wa kotu lokaci. A baranda matar ta tare Baba. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam tafinta, ni ban iya Turanci ba, amma ina da kunne. Zagin da ya yi mini, sai da na ja numfashi sau uku kafin na gama maimaita shi. Naka ko numfashi ɗaya bai cika ba. Ina ka kai sauran?"



Ta ce, "Na tsaya gaban maza na faɗi abin da bakina bai taɓa faɗa ba. Na zubar da kunyata a banza, kai ka tsira da taka. Na gode."

Umma ta ce kwana biyu bai ci abincin kirki ba. A rana ta uku ya ce mata ya zauna ya duba laifinsa, ya ga kashi biyu ne. Kashi ɗaya kunya ce. Ɗayan kuwa jahilci, domin ko da ya cire kunyar, bai san kalmomin da zai faɗa da Turanci ba. A makaranta ba a koya musu ba. Ya ce kunya zai yi fama da ita, jahilci kuwa yana da magani. Ya fita ya sayo littafin rubutu mai shuɗin bango.

Har nan babu wanda zai ga laifinsa. Ni ma ban gani ba. Matsalar Baba ita ce bai san a yi abu rabi ba.

Da ƙamus ya fara, wani ƙato da ya aro a ofishin magatakarda. Bai jima ba ya raina shi. Ya ce ƙamus yana gaya maka ma'anar kalma, amma ba ya gaya maka ko za a mare ka a kanta. Shi kuwa nauyi yake nema. Ya riga ya ga yadda fassarar kalma da kalma ke kai mutum ta baro: ya taɓa mayar da "ɗan iska" Turanci yadda take, alƙali ya ɗauka kirari ne ake wa mai gudu. Ya taɓa fassara "uwaka", alƙali ya riƙe biro yana jiran sauran jimlar, da ya ji shiru ya ce, "To, uwar tasa me ta yi?" Ga kuma "shege", wanda a bakin wani zagi ne, a bakin wani yabo. Don haka ya ja layi a littafinsa, ya raba kowane shafi gida-gida: kalmar, da wanda ya ji ta a bakinsa, da wanda aka gaya wa, da abin da ya biyo baya. A gidan ƙarshe yake rubuta nauyinta. Akwai ta tsaki, akwai ta cacar baki, akwai ta cin kwala, akwai ta mari. Mafi nauyi ya sa mata suna ta asibiti.

Sai ya shiga farauta. Mutumin da bai san inda gola ke tsayawa ba ya zama ba ya fashin gidan kallon ƙwallo. Kowa na kallon talabijin, shi yana kallon bakunan mutane. Ranar Asabar ya saka farar rigarsa mai karin guga ya tafi garejin wani kamfanin gine-gine, inda injiniyoyi 'yan ƙasar waje ke fama da manyan motoci, ya sami benci ya zauna da littafinsa. Mako uku suna gaishe shi da ladabi, sun ɗauka jami'in bincike ne, babu mai cewa uffan. Da ya ga za su ɓata masa lokaci, sai ya tashi ya tsaya daidai inda wata motar haƙa ƙasa ke ja da baya. Babban injiniyan ya duro, fuska ja wur, ya surfa masa abin da ya kai minti guda. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce ya gode, sannan ya roƙe shi ya maimaita ta tsakiyar nan a hankali, in da hali da harufanta.

Abin da ya gano ya ba shi mamaki, ya kuma ɗan ba shi haushi. Ya ce Turanci matalauci ne a fagen zagi. Kalma ɗaya ce mai harufa huɗu suke ta juyawa kamar mai riga ɗaya: ita ce ta fushi, ita ce ta mamaki, ita ce ta jin daɗi, da ita ake korar mutum, da ita ake yabon abinci. In sun gaji da ita su koma kan kashi, in sun gaji da kashi su kira ka ɗan karya, wato ta kare. Duk wannan a wurin cin abinci yake mana bayaninsa, yana kauce wa kalmomin kamar mai tsallake kwata, mu kuwa muna ƙunshe dariya.

Sanin kalma daban, faɗinta daban. Ya lura in ya zo furta su a kotu muryarsa tana shaƙewa, su fito a sanyaye kamar mai karanta adireshi. Saboda haka ya fara atisaye a gida. Da la'asar zai shiga ɗaki, ya sa Umma ta zauna a bakin ƙofa da abin da take yi, ya ce ta saurara ta gaya masa ko muryar ta yi kama da ta mai fushi. Umma ba ta jin Turanci. Ita dai an ce mata aikin kotu ne.

Muna da maƙwabciya ma'aikaciyar jinya, kowa Sista yake ce mata, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Wata Asabar ina wanke-wanke sai ga ta ta faɗo gidan ko sallama babu, ɗankwali a hannu. Ta wuce ni, ta kama hannun Umma da ke tsintar shinkafa.

"Yaya, tashi mu tafi gidana. Tun yaushe yake miki haka?"

Umma ta ce, "Yake mini me?"

"Wata uku ina ji ta katanga ina cewa ba ruwana. Yau kam na kasa. Mutum kamar waliyyi a waje, ashe abin da kike haɗiya ke nan!"

Baba ya fito da littafinsa a hannu, yana ƙoƙarin bayani. Umma ta ɗaga masa hannu. Ta ce wa Sista, "Gaya mini abin da ya ce yanzun nan, na ƙarshen."

Sista ta dube ni, ta sunkuya ta raɗa mata a kunne. Farantin shinkafar ya kife. Umma ta tafa hannu ta yi salati, ta sake tafawa.

"Tafinta! Wata uku! Wata uku kana gaya mini wannan ina ce maka madalla, ƙara ɗaga murya?"

"Ba da ke nake ba. Da bango nake."

"Bangon ne ke amsa maka?"

Daga ranar littafin ya bar ɗakinta. Aka koma ajiye shi a sito, kan wani tsohon akwati, tsakanin risho da takalman da suka mutu. In zai yi atisaye can yake shiga ya rufe ƙofa, ya fito ya kuskure baki sau uku. Sista kuwa, bayan ta gama ba da haƙuri, sai da ya zaunar da ita ya tambaye ta abin da masu naƙuda da masu karaya ke cewa in zafi ya kai musu karo. Ya sami shafi biyu a wurinta.

Nawa rabon ya zo ina aji huɗu a sakandare. Ni ce babba, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Da ya ga Turancina ya fara ƙwari, sai ya riƙa kirana in duba masa rubutun wasu kalmomi, yana rufe gidan ma'anar da tafin hannu, wai kada in lalace. Wata ranar Lahadi ya bar littafin a kan teburin da nake karatu. Littafin insha'ina shi ma shuɗin bango ne. Da safe na kwashe komai na zuba a jaka.

Malamar Turancinmu Jan Biro muke ce mata, domin ba ta mayar maka da takarda sai ta yi kamar an yanka kaza a kai. Ta karɓi littattafai ranar Litinin. Ranar Talata ana tsakiyar darasin lissafi aka aiko in zo ofishin shugabar makaranta. Na tarar da littafin a kan tebur, an ɗora masa abin danne takarda kamar zai gudu. Jan Biro tana tsaye a gefe.

Shugaba ta ce, "Shekara ashirin ina aikin nan, ban taɓa ganin yarinyar da ta zauna ta tsara iskanci gida-gida da rula ba."

Na rantse ba nawa ba ne. Suka ce na wa ne. Na ce na babana. Jan Biro ta ce in ji tsoron Allah, ta san mahaifina, sahun gaba yake sallah. Aka sa ni durƙuso a baranda, duk wanda ya wuce sai ya leƙa fuskata, aka aika kotu a kira shi.

Ya iso da azahar, yana haki. Ya wuce ni a durƙushe, ko kallona bai yi ba, ya shiga ofis. Ta taga na ji abin da ya fara cewa.

"Alhamdu lillahi! Tun jiya nake nemansa. Ba a dai yage ko shafi ɗaya ba?"

Ya ɗauka ya fara buɗawa. Sai na ji ya yi shiru. Ashe Jan Biro, duk da tashin hankalinta, hannunta bai iya haƙuri ba: ta gyara masa rubutun kalma huɗu. Na ɗauka zai ji kunya. Ina! Kujera ya ja. Ya yarda da gyara uku, ya ce ta huɗun kam ba ta yi daidai ba, haka injiniya ya ba shi harufanta, kuma mai abu ya fi sanin abinsa. Ta ce injiniyan jahili ne. Aka ɗauko ƙamus. Shugaba ta sa baki, ta ce ita a inda ta yi karatu ba ma haka ake faɗa ba, akwai wadda ta fi ta muni. Baba ya zaro biro.

Minti arba'in suna wannan, ni ina waje gwiwoyina sun mutu. Da suka fito suna dariya, shugaba ta gan ni ta ce, "Af, ke har yanzu kina nan? Tashi ki koma aji." Shi ke nan haƙurin da aka ba ni. Har na gama makarantar 'yan ajinmu Ƙamus suke kirana, kuma ba na yabo ba. A hanyar gida na ce, "Baba, ka san abin da ka jawo mini yau?" Ya ce, "Na sani, Uwata, ki yi haƙuri. Amma malamar nan taku ta san aikinta. Ki riƙe ta da kyau."

Sau ɗaya na taɓa ganinsa a bakin aiki. Lokacin na fara koyon haɗa magunguna, ya manta maganin hawan jininsa a gida, Umma ta ce in biya in kai masa. Na tarar ana shari'a, na zauna a bencin baya.

Wani dattijo ne mai gadin otal ya kawo ƙarar manajansa. Manajan matashi ne, ya yi karatu a waje, kullum da safe in ya shigo sai ya yi wa dattijon murmushi ya kira shi da wasu kalmomi biyu na Turanci. Dattijon ya ɗauka sunan muƙaminsa ne. Shekara biyu yana ƙamewa yana amsa, "Na'am, yallaɓai!" ma'aikata suna dariya, yana ɗauka son sa suke yi. Har gida ya je ya gaya wa iyalinsa sabon sunansa na ofis. Sai da wata baƙuwa ta ji, ta kira shi gefe ta ce ya daina amsawa. Ko ita ba ta iya gaya masa ma'anar ba.

Mai shari'ar mace ce. Ta sa manajan ya maimaita kalmomin, ya faɗa ƙasa-ƙasa. Ta ce tafinta ya gaya wa mai ƙara abin da suke nufi. Baba ya gyara tsayuwa. Ya dubi dattijon ya ce, "Baba, ka gafarce ni, bakina ne amma maganar ba tawa ba ce." Sannan ya faɗa da Hausa, da cikakkiyar murya, bai rage ko wasali ba. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ya haɗa tsufan mutumin da mahaifiyarsa da wani abu na dabba. Wata mata a gabana ta toshe kunne. Dattijon ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Ya ce, "Ni kuwa har jikokina suna kirana da shi."

Lauyan manajan ya miƙe. Ya ce tafinta ya zuzuta. A Turancin zamani wannan wasa ne, abokai na gaya wa juna kullum. Mai shari'a ta tambayi Baba me zai ce. Ya buɗe littafin. Ya ce ya ji kalmar sau goma sha ɗaya a rayuwarsa. Sau uku tsakanin abokai ne sa'o'in juna, kuma an yi dariya. Sau takwas daga babba ne zuwa na ƙasa da shi, ko tsakanin baƙi, kuma a cikinsu biyar sun ƙare da mari, ɗaya da ɗinki a goshi. Ya rufe littafin.

"Amma ranki ya daɗe, ni da lauya mun shekara tara muna gaisawa a barandar nan, ina ganin mun zama abokai. In kotu ta ba ni izini sai in kira shi da sunan yanzu, a rubuta cewa wasa ne."

Lauyan ya ce ba sai an kai ga haka ba, ya zauna. Mai shari'a ta rufe bakinta da fayil na ɗan lokaci. Ta yanke cewa manajan zai tara duk ma'aikatan otal ɗin, ya ba dattijon haƙuri a gabansu, da Hausa, kuma tafinta zai je ya tabbatar haƙurin bai fi zagin gajarta ba.

Ranar na ji alfahari da shi, har idona ya kawo ruwa. Alfaharin ya yi kamar minti goma. Ina miƙa masa maganin a baranda sai ga manajan ya fito yana gunaguni shi kaɗai. Baba ya bar ni da hannu a miƙe, ya bi shi da sauri. "Samari, dakata. Wannan da ka faɗa yanzu, sabuwa ce? Da wane harafi ta fara?"

Da na kawo wanda zan aura ya gaishe shi, sai da na yi wa Umma magiya ta ja wa Baba kunne. Ya yi alkawari. Suka zauna a falo, aka gaisa, ya tambayi iyayensa, komai lafiya lau. Sai ya tambaye shi sana'arsa. Ya ce injiniya ne a jirgin ruwa, shekararsa shida yana yawo da ma'aikata daga ƙasashe daban-daban. Ina leƙe ta labule na ga idon Baba ya yi haske. Ya tashi ya rufe ƙofa.

Awa biyu. Ni da Umma muna kicin muna jiran a kira mu. Da ƙofar ta buɗe, bawan Allah ya fito rigarsa jiƙe da gumi, ya kasa haɗa ido da kowa. A bakin mota ya ce mini, "Na shirya amsar tambaya a kan aikina da halina da danginmu. Ban shirya zagin surukina da yare uku ba." Baba kuwa ya ce wa Umma yaron yana da tarbiyya, domin kafin kowace kalma sai ya ce a gafarce shi.

Yanzu shekararsa tara da ajiye aiki. Ƙarfi ya ragu, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ta fara. Watan jiya na samo masa ganin likitan ido, bayan na yi sati shida ina bin layi da waya. Ƙarfe tara aka ba mu, aka kuma ja mini kunne cewa likitan yana shiga tiyata ƙarfe goma. Na ɗauki hutun rabin yini a kantin maganin da nake aiki, na ɗauko shi a motata tun takwas da kwata.

A wata mahaɗa mai cunkoso wata mai talla ta gifta, na taka birki. Motar da ke bayana ta yi ƙara, ta tsaya dab da ni. Ko taɓa juna ba mu yi ba. Sai ga direban ya fito, matashi da baƙin tabarau da sarƙa a wuya, ya zo saitin tagata yana zazzaga Turancin da ya kwaso a fina-finai, yana nuna ni da yatsa. Na ɗaga gilashi na ce a raina ya gama ya tafi. Sai na ji iska ta ɗaya gefen. Baba ya sauke nasa.

"Samari. Zagayo nan."

"Baba, don Allah," na ce. "Tara saura kwata."

"Minti ɗaya, Uwata."

Yaron ya zagayo da zafinsa. Baba ya ce, "Na ji abin da ka faɗa, kuma akwai gyara uku. Na farko, ka kira ta ɗan karya. Mace ce. Ɗa namiji ne ko a Turanci. Na biyu, yatsan da ka ɗaga ba shi ba ne, wannan na kiran mai shayi ne. Na uku kuwa shi ya sa na tsayar da kai. A jimlar nan ta uwa, ka sa kalmar mallaka ta mai magana a inda ya kamata ka sa ta wanda ake gaya wa. Ka san uwar wa ka zaga?"

Baba bai jira amsarsa ba.

"Taka. A gaban mutane, da ƙarfi, har sau biyu. Tana raye?"

"Tana raye, Baba."

"To in ka koma gida ka nemi gafararta. Ba sai ka gaya mata dalili ba."

A lokacin motoci sun yi layi a bayanmu, ham ta ko'ina, wasu direbobin sun fara nasu zagin da Hausa tsantsa. Jami'in kula da hanya ya taho a fusace ya ce me ke faruwa. Baba ya ce madalla da ya zo, ya fara masa bayani tun daga gyara na farko. Jami'in ya ce shi a saninsa yatsan daidai ne. Aka shiga muhawara. Yaron ya cire tabarau, ya tsuguna a gefen taga yana cewa a yafe masa, Baba yana tambayarsa wace makaranta ya yi, wa ya koya masa Turanci, me ya sa bai riƙe nahawu ba. Ni kuwa na kifa goshi a kan sitiyari.

Goma da minti biyar muka shiga asibiti. Likita ya shiga tiyata. Ma'aikaciyar da ke kan tebur ta duba littafinta ta ce sai bayan sati biyar.

A hanyar komawa ban ce uffan ba. Na cika na yi fam. Shi kuwa ya jingina da kujera, ya harɗe hannuwa a ciki, fuskarsa wasai kamar wanda aka yi wa aikin idon aka gama. Muka wuce mahaɗar, muka wuce kasuwa.

"Uwata, kin yi shiru."

"Baba, in na buɗe bakina yanzu, abin da zai fito ba zai yi kyau ba."

"To, bar shi a rufe. Haka ya fi."

Muka ƙara tafiya kaɗan. Na ji yana motsi a kujera, ya juyo da idon nan nasa mai ɗan gani.

"Amma abin da kike riƙewar, da Hausa ne ko da Turanci?"

Na miƙa hannu na kunna rediyo.